Igiyar Ƙararrawar Bakin Dogo

Al-Sadd, Doha,
Oktoba, 2016.

Zuwa ga Yayata Haulatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da duk wanda ke kwana a gidan. Yaya ƙafar taki? Mai ɗakina Ummukulthum ta ce in tambaye ki ko kin shafa man zafin da ta aiko miki, ko kuwa yana nan saman kwaba kina jiran ranar da ciwon zai cancanci a buɗe shi, kamar yadda kike yi wa duk abin da ya fito daga ƙasar waje. Yaya kaka? Mun ji an ce gero ya yi kyau bana, Allah ya sa masa albarka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Zafi ya fara sauka, har mutum yana iya fita da la'asar ba tare da riga ta manne masa a baya ba. Yaran kuwa, Aminullahi Larabci ya kama bakinsa, duk abin da ka ce masa sai ya ce khalas, wato shi ke nan, har uwarsa ta fara yi masa barazanar za ta turo miki shi ki gyara masa Hausa. Khadijatu kuwa ta fara tafiya, babu abin da ya tsira a ƙasan tebur.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wanda kullum kike ji a waya. Maganar ce ta fi ƙarfin waya. Na ɗauko ta sau da yawa zan kira ki, sai in tsaya a gaisuwa da tambayar farashin masara, in ajiye. Nasidi, abokin aikina da zai zo hutu, shi zai kawo miki wannan tare da wani ƙunshi mai nauyi. Igiya ce a ciki, kada Malam ya gan ta ya yi wa saniyarsa sha'awa, tana da mai ita. Ta Baffa Tanimu ce. Kin riga kin ji daga bakin 'yarsa Rifkatu cewa an sake kwantar da shi a asibitin da take aiki, kuma likitoci sun ce zuciyar ba za ta ƙara ɗaukar hawan jirgi ba. Abin da ba ki ji ba shi ne wanda ya zaunar da ni rubutu. Yaya, Baffa ya sani. Ya san an rushe cocin Bakin Dogo, ya san abin da muke kunna masa ranar Lahadi, kuma ba jiya ya sani ba.

Kafin in gaya miki yadda aka yi, ki yi haƙuri da surutuna, domin shekarar nan na ji abubuwan da mu da muka tashi a jikin katangar cocin ba mu taɓa tambaya ba. Tun da Rifkatu ta kawo shi nan neman magani, duk Juma'a in na sauko daga masallaci sai in wuce gidanta a Al Wukair. Nan ƙasar Juma'a ce ranar hutu, don haka su ma Kirista ranar suke cika coci. Ni in dawo daga nawa, shi ya dawo daga nasa, mu haɗu a kan kwano ɗaya. Kullum da labarin Kaka Safiya yake farawa. Ya ce shekarar sanƙarau ce, mahaifiyarsa ta rasu a asibitin Sista ta bar shi bai kai wata biyu ba, mahaifinsa leburan jirgin ƙasa, ba dangi a garin. Sista ta rasa yadda za ta yi, ta naɗe shi a zane ta tsallako maƙera, don ta ji an ce matar maƙeri ta haihu. Kaka ba ta tambayi addinin kowa ba, ta sa shi a dama, ta sa Baba a hagu. Ya ce har Baba ya koma ga Allah yana yi masa gorin cewa shi Baffa aka ba ɓangaren da ya fi ruwa, shi ya sa ya fi shi tsawo. In ya zo nan sai ya nuna ni da cokali ya ce nono ɗaya suka sha da ubana, don haka ko a shari'armu shi baffana ne, ba alfarma nake yi masa ba.

Cocin kuwa, ya ce jirgin ƙasa ne ya kawo shi. Da Turawa suka shimfiɗa dogo, sai ga akawuna da masu gyaran inji da kafintoci daga kudu, har da mutanen Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, da Saliyo. Turawan mulki ba su yarda mishan ya shiga cikin ganuwa ba, sai aka yanka musu fili a bayan tasha, inda a lokacin babu komai sai sabara da tsamiya guda ɗaya. Rumfar zana suka fara kafawa. Fada yakan zo a jirgi lokaci-lokaci, ya kwana a ɗakin ajiyar kaya na tasha, ya yi musu sujada ya wuce. Ba su da ƙararrawa, sai guntun ƙarfen dogo da suka rataye a reshen tsamiyar, ana dukansa da guduma. Daga baya aka aiko musu Fada na zama, wani jan Bature da rana ke mayar da fuskarsa kamar gauta ja, mutanen gari suka sa masa Fada Barkono, sunan ya bi shi har kabari. Baffa ya ce mutumin ya iya Hausa, amma irin wadda in ya yi wa'azi sai an tashi a tambayi juna me ya ce. Shi ne ya dage sai an yi gini na jan bulo. A bakin rafi aka gasa bulon, mata suka riƙa ɗauko shi a ka bayan an tashi sujada, maza na kwaɓa ƙasa. Ya ce duk cocin Katolika da ke garin yanzu, da na ƙauyukan kewaye, 'ya'yan wannan ne, daga nan aka ɗebi wuta aka kai musu.

Ita ƙararrawar ta ruwa ta zo Ikko, daga can aka ɗoro ta a jirgin ƙasa. Da aka buɗe akwatin sai aka tarar ƙarfen da ke lilo a cikinta, wanda Baffa ke kira harshe, ya tsage a hanya. Ga bikin buɗe coci ya matso, ga ƙararrawa bebiya. Fada Barkono ya ɗauki ƙarfen a kafaɗa ya shigo maƙerar kakanmu. Kakan namu ya jujjuya shi, ya ce a ba shi kwana kaɗan. Daga wannan guntun dogon da ake duka a tsamiya ya yanko, ya ƙera sabo. Wasu suka yi ta tsegumi a majalisa, wai maƙerin Musulmi ya yi wa coci murya. Kaka ya ce shi fartanya ma in ya ƙera ba ya bin ta gona ya ga abin da za a shuka. Kin ga ke nan, Yaya, muryar da muka tashi muna ji safe da rana da yamma, rabinta daga gidanmu ta fita. Ni dai ban taɓa sani ba sai da na zo ƙasar Larabawa, abin kunya.

Tun yana saurayi aka damƙa masa igiyar, bai sake ta ba sai da ciwo ya ƙwace. Kin tuna yadda unguwa duka ke aiki da ita: Inna ta ce a sauke tukunya an buga sha biyu, masu rini su tashi, mu 'yan makarantar allo mu san an kusa sakinmu. Ya ce shekarar da aka yi gudu, gab da yaƙin basasa, cocin ya wayi gari kusan babu kowa, masu cika shi sun hau jirgi sun tafi da abin da hannu ya iya ɗauka. Mabuɗan a maƙerarmu suka kwana, cikin tarkacen ƙarfe, kakanmu da Baba suna kwana a ƙofa. Duk da haka bai fasa bugawa ba ko rana ɗaya, ga benci wayam, daga shi sai tsofaffi uku da jemagu. Sai na tambaye shi wa yake kira. Ya ce waɗanda suka tafi, don in sun dawo kada su ce an manta da su. Wasu sun dawo, wasu sai 'ya'yansu. Ya ce babu wanda aka yi wa baftisma ko aure ko jana'iza a wurin cikin shekarun nan da bai bi ta hannunsa ba, kuma kowanne da irin bugunsa.

To ki duba mutumin da aka kawo Doha. Cocin nan yana can bayan gari, babba ne, ga sanyin na'ura, ga jama'a daga Indiya da Filifin da ko'ina, amma ba shi da ƙararrawa, haka tsarin ƙasar yake. Ranar farko da ya dawo ya ce mini ya ga gida mai kyau, sai dai ba a yi masa sallama ba. Shi ya sa ya roƙe ki duk Lahadi da sha biyun rana ki hau soro ki ɗaga waya ya ji ta gida. A nan ƙarfe biyu ke nan, kuma Lahadi ranar aiki ce, Rifkatu na asibiti, ni ina ofis. Shi kaɗai yake zama a falo, ya sa hularsa kamar mai jiran baƙo, ya kanga wayar a kunne. Mun manta da wannan, Yaya. Mun manta cewa wanda ba shi da abin yi duk mako sai sauraron abu ɗaya, ba ƙaramin sauraro yake yi masa ba.

Sauran kin san shi, da ke aka yi, amma bari in faɗa don in ji nauyinsa a bakina. Bayan Kirsimeti Fada na yanzu ya aiko cewa bango ya tsage, jama'a sun yi wa ginin yawa, Bishop ya amince a rushe a yi babba. Ba mugunta ba ce, ginin ya gaji. Ya ce za a yi sujadar bankwana, kuma suna so Baffa ya zo ya yi bugun ƙarshe da hannunsa. A lokacin bai daɗe da fitowa daga aikin zuciya ba, amma yana takawa, yana cin tuwonsa, likita ma ya ce in da rakiya zai iya tafiya. Mu ne muka haɗu ta waya, ni da ke da Rifkatu, muka yanke cewa labarin zai kashe shi. Haka muka gada, ba a gaya wa majinyaci mugun labari, ba a gaya wa na nesa, shi kuwa ya haɗa biyun. Mas'udu, mai riƙe da maƙerarmu yanzu, shi kaɗai ya ƙi, ya ce mutum ya shekara sittin yana jan igiya, ba mu da hurumin hana shi sakinta da kansa. Na ce masa shi ƙarfe ya sani, ba zuciya ba. Wallahi har yau kalmar nan tana ci na. Ranar bankwanar kika hau soro kika naɗi bugun a wayarki, katafila ta shiga bayan kwana kaɗan, daga nan duk Lahadi sai ki kunna daga wannan waya ki kanga a waccan. Muka riƙa yaba wa junanmu dabara.

Wajen watan Maris, kafin zafi ya sauko, ya ce in kai shi kasuwar Al Wakrah ta bakin teku, inda masu jiragen katako ke sayen kayansu. Motata na gareji, sai na kira Moro, wani ɗan Zangon Kumasi da ke tuƙin tasi, mai zama a unguwar Najma. Moro na jin zancen coci ya ce ai su ma a Zango da ƙararrawar cocin Roman Katolika suke sanin azahar ta kusa, suka ɓarke da hira kamar sun shekara tare. A kasuwar Baffa ya bi shago-shago yana murza igiyoyi, yana shinshinawa, har ya sami wadda ta yi masa. Ya ce ta gida ta tsufa, tana cin hannu, in ya koma da wannan zai canza. Ya fara aunawa da gaba, yana faɗin daga ƙasa zuwa tagar farko, daga taga zuwa katakon da ƙararrawar ke rataye. Da ya gama sai ya tsaya da igiyar a hannu, ya dube ni, ya tambaye ni ko ina ganin za ta kai. Ya daɗe yana dubana.  Ni kuwa, ɗan'uwanki mai wayo, na ce a ƙara gaba biyu saboda ɗauri. Har na taya shi ciniki, na ce wa mai shago yalla ya rage mana, tsoho ne zai kai ta ɗakin ibada.

Talatar da ta wuce na tashi aiki da wuri na biya asibiti da la'asar. Na same shi an ɗaga masa kan gado, ga robar iska a hanci, Rifkatu na gyara masa matashi. Bayan mun gaisa sai ya tambaye ni lafiyar jan zakaranki. Na ce ai an yanka shi tun ƙaramar Sallah, ke da kanki kika gaya masa a waya, har kika ce naman ya yi tauri. Ya ce shi ma abin da ya ɗaure masa kai ke nan, domin zakaran da aka cinye tun watan Yuli bai fasa cara ba, duk Lahadi, kuma a daidai gurbi ɗaya, bayan bugu uku na farko. Ya ce damina ta zo ta wuce bai ji ɗigon ruwa ko ɗaya a kan kwanonku ba, bai ji tsawa ba, kullum rana ɗaya ce ake maimaita masa. Yana faɗa yana dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Rifkatu ta saki matashin ta juya ta fuskanci bango.

Da tarin ya lafa sai ya ce ba zakaran ne ya fara gaya masa ba. Tun Lahadin farko ya ji wani abu a ƙarƙashin ƙarar, kusa da wayar, kamar mutum na jan hanci yana danne kuka. Ya ce ya san kukanki tun kina cikin zanen goyo. Ya tambayi kansa me zai sa Haulatu, 'yar Musulmi, ta tsaya a soro tana yi wa ƙararrawar coci kuka, in ba bankwana ake yi ba. Da Lahadi ta zagayo ya sake jin kukan a wuri ɗaya, sai ya tabbata. Na ce to don me bai yi magana ba. Ya ce ya ga 'ya'yansa sun haɗa kai sun yi masa rumfa don kada rana ta taɓa shi, ina shi ina yaye ta ya ba su kunya? Kara muka yi masa, shi ma ya yi mana. Igiyar nan ma, ya ce, ba don hasumiya ya saye ta ba, ya san babu ita. Ƙofa ya buɗe mini ko zan shigo in gaya masa gaskiya a matsayina na namijin da ke kusa, sai na ƙara masa gaba biyu.

Bai yi faɗa ba, Yaya, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Abu ɗaya kawai ya faɗa wanda ya hana ni cin abinci ranar. Ya ce ginin ƙasa ne, dole wata rana ya koma ƙasa, wannan bai dame shi ba. Abin da ke masa ciwo shi ne an kira shi bai amsa ba. Mutanen da ya yi wa bugun aure da na jana'izar iyayensu sun taru sun duba ba su gan shi ba, wataƙila suna cewa Tanimu ya sami ƙasar masu kuɗi ya manta da su. Kuma a lokacin ƙafarsa na iya kai shi. Yanzu da ya sani a fili, jirgin ya fi ƙarfinsa. Garin neman gira muka rasa ido. Mun ji tsoron labari zai karya masa zuciya, sai muka bar shi wata tara yana ɗauke da shi shi kaɗai a falo, yana yi mana godiya duk mako. Da na sani ƙeya ce, ga ta nan kuwa na ji ta. Ban rubuto don in ɗora miki ba, tare muka yi, kuma ni ne na fi kowa kusa da shi. Ki gaya wa Mas'udu shi ne mai gaskiya, zan kira shi in faɗa masa da bakina in na sami fuskar yi.

Ga abin da ya roƙa. Rifkatu ta bincika, an ce ƙararrawar tana nan a ajiye a bayan gidan Fada, an kife ta a kan tayoyi an rufe da tamfol, sai an gama sabon gini a ga inda za a sa ta, wasu ma na cewa lasifika ta isa. Shi ba zai ga wannan ranar ba, ya san haka, mu ma mun sani. Tsamiyar kuwa an ce katafila ba ta taɓa ta ba. Yana so ki sa mayafinki ki je wurin Fada da kanki, ke da Mas'udu, ku fara gaya masa gaskiya: saƙonsa bai taɓa isa kunnen Baffa ba, mu muka tare shi, kuma a sanar da jama'a haka ranar sujada don a wanke shi. Sannan ku roƙa a yarda a rataye ƙararrawar a tsamiya, inda guntun dogo ya fara rataya, ko da na yini ɗaya ne. Ya ce Mas'udu ya duba reshen, in ba zai ɗauka ba ya haɗa mata ƙafafu na ƙarfe, aikin gidanmu ne tun asali, kuma ya shafa wa harshen mai don ya kwana biyu bai motsa ba. A ɗaura wannan igiyar. Na tambaye shi wa yake so ya ja. Ya ce ko wane ne, in dai hannu ne mai rai, ko da bai iya ba.

Na san abin da nauyi. Na san yadda garin ya koma tun rikicin bayan zaɓe, yadda kowa ya ja jikinsa, har kwanon Sallah da na Kirsimeti da ake tsallakawa da su suka ragu, kuma na san za a sami masu cewa me ya kai matar Malam gidan Fada. In sun tambaya ki ce musu saƙon ɗan'uwan ubanki kika kai, wanda ya sha nonon kakarki. Ki nuna wa Malam takardar nan, mutum ne mai fahimta, na tabbata da kansa zai raka ki bakin ƙofa. Don Allah kada a ce sai an gama girbi, kada a ce sai wani watan. Likitan da ke duba shi bai ba mu wata ba, Yaya, ya dai ce mu riƙa zuwa kullum.

Ki gaishe mini da Malam da kyau, ki ce ina neman addu'a. Ki gai da Mas'udu da iyalinsa da duk mutanen maƙera, da Gwaggo Alimatu in kin leƙa ta, da Aminat da Umar Faruq, ki ce ya dage da karatu. Ummukulthum tana gaishe ki, Rifkatu ma haka, ta ce ki yafe mata ba ta iya kiranki ba kwanan nan, in ta ji muryarki kuka take yi. Moro ya ce a gai da mutanen Najeriya duka, bai ware kowa ba. Baffa ya ce in gaishe ki gaisuwa ta musamman, in kuma ce miki kukan ya isa haka, wata tara kina yi masa shi a kunne.

Na nemi izini a wurin aiki. Lahadin da ke biye da isowar Nasidi, ƙarfe biyu na nan, zan kasance a bakin gadonsa da waya a hannu. In an rataye ta, alhamdu lillahi. In kuma Fada bai yarda ba, ko reshen ya ƙi, ko lokaci ya ƙure, ki hau soron duk da haka ki ɗaga wayar, kada ki kunna komai. Ya ce ko shiru ne a bar shi ya ji, in dai na garinsu ne na ranar. Ki goge wancan na cikin wayar, Yaya. A bar zakaran nan ya huta.

Allah ya ba shi sauƙi, ya yafe mana, ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Rufa'i.